Bikin Haihuwa Duk Juma'a

Ba wanda ake haifa kowane mako. Abin da ya fara haɗa ni da maƙwabciyata a unguwar Aziziyya ke nan, wata nas 'yar Kafanchan da ta girme ni sosai. Duk Juma'a sai ta ɗaura balan-balan a ƙofa, baƙi su yi ta shigowa ɗaiɗai riƙe da kek: 'yan Filifin, Indiyawa, da wani dogo ɗan Eritiriya. Ba kiɗa, ba shewa. Sai wata waƙa ƙasa-ƙasa, a hankali, cikin yaren da ban taɓa ji ba.

Ni da umra na shigo ƙasar, ban koma ba, na gangaro wannan birnin. Ɗinki nake yi a ɗaki, ba iƙama, wato takardar izinin zama. In 'yan sanda suka hau benen nan saboda ita, har ƙofata za su buga, sai dai a gan ni a jirgin Kano.

Na tare ta a matakala.

"Anti, tsakani da Allah, me kuke kira a ɗakin nan? In tsafi ne ki faɗa mini in kwashe kayana."

"Ke dai bakinki ba birki, ƙanwata. Ibada ce. 'Yan Katolika ne mu, garin nan kuma ba coci."

"Da wane yare?"

"Latin. Ba na jin yarensu, ba sa jin Hausa. Wannan kuwa kowa ya taso ya ji shi a cocin garinsu. Da shi aka yi wa babana waƙa ranar da muka binne shi."

"Kina ma jin abin da kike faɗa?"

"Ke da kika fara salla, kin iya Larabci?"

Na share zancen. Na ce mai gadi fa ya fara daɗewa yana sharar hawanmu, kuma balan-balan ɗinta ko yaro ba zai ruɗa ba. Ta ce ba su da wani wurin.

Tun daga nan, baƙon ƙarshe na shiga sai in jawo keken ɗinkina bakin ƙofa in yi ta takawa, ƙara ta cika matakala. Mai gadi ya saba da ƙarar, ni ke yi wa matarsa ɗinki. Kaina nake ceta, shi ke nan.

Sai dai akwai wurin da dogon nan ke jan baiti shi kaɗai, saura su amshe gaba ɗaya. In an zo nan, ƙafata kan tsaya da kanta. Ina jin motsi a matakala, sai in sake takawa.