Wopke Mai Lasar Ƙasa

A ƙauyenmu na Firislan, can ƙasar Turawa, in ka ce Wopke ba mai tambayarka wanne. Shi ne tsohon nan mai jan hanci da ke lasar ƙasa. Ba hauka ba ne, gado ne, haka ubansa ya yi. Da sanyi ya ja baya sai ya durƙusa a lambunsa, ya dangwalo ƙasa da yatsa, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar biki. Abin haushin kuma, dankalinsa ya fi na kowa.

Ga maƙo, kai! Takin kanti bai taɓa shiga lambun nan ba. Duk kaka kowa kan yashe magudanar bayan filinsa, shi kuwa Wopke lakar da ya kwaso ita ce takinsa. Magudanar ta bayan asibiti take biyowa, in an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya bututun ƙazanta kan tumbatsa a cikinta. Matarsa Hiske ta yi magana har ta gaji.

Shekarar da 'yarsu Femke ta haifi bakwaini, shekarar Wopke ya yanke a hannu, ciwon ya ƙi jin magani. Aka gwada, aka samu ƙwayar cuta irin ta asibiti, wadda ta raina magunguna. Jaririyar, Marrit, tana cikin kwalba, huhunta bai yi ƙwari ba. Aka ce wa Wopke ta bayan gilashi kawai zai gan ta. Ranar tsoho ya yi kuka, ya ce mura ce.

Aka ba shi sabulu da man shafawa a hanci. Ya yi tas. Ba a jima ba ƙwayar ta dawo. Aka sake, ta sake dawowa.

"Kana kiwon maruƙa?" in ji likitar da ke duba shi. "Ko ka je ƙasar waje?"

"Ƙasar waje? Ni da ko kasuwar birni nake ganin nisanta?"

Hiske ta gyara zama. "Likita, tambaye shi da me yake karya kumallo."

"Hiske, ke dai bakinki ba ya rufuwa!"

Aka ɗebo ƙasar lambu aka gwada, sai ga mutuniyar tana zaune daram. Wopke ya ce ƙarya ne, sanyin bara har bututu ya fasa, wace ƙwaya ce za ta tsira?

"Baba, ai ba mutuwa suke yi ba, lafewa suke yi," in ji likitar. "Su manne a jikin laka, su lulluɓe kansu da yauƙi, su rage ci, su jira ɗumi. Har dabarar ƙin jin magani sukan koya wa ƙwayoyin da suka tarar a ƙasar. Kai kuma kana kai musu harshe har gida."

Ya rantse ya daina. Kashegari Hiske ta kama shi a bayan rumfar kayan aiki, haɓa duk laka. Daga ranar kullum da safe sai ta ce, "Fito da shi mu gani," tsoho da furfurarsa ya zaro harshe.

Abin da ya karya shi ba likita ba ce, Durk ne, ɗaya kakan jaririyar, mutumin da dankalinsa bai taɓa wuce ƙwan tantabara ba. Wopke na tsaye a bayan gilashi ya hango Durk rungume da Marrit, har yana ɗaga masa ɗan hannunta wai ta gaishe shi.

Wopke ya juya ya fita. Ya koma gida, ya shimfiɗa baƙar leda a kan lambun kakaf, ya danne da bulo. Bana ba dankali a wannan ƙasar. Ya je kanti ya sayo ƙasar buhu, da kuɗinsa, mai kantin har ya leƙa waje ya ga ko sama ta faɗo. Ya shuka a cikin akwatunan katako yana ƙunƙuni, wai ƙasar da ba ta da ɗanɗano ai audugar katifa ce. Hiske ta ce, "Yaya aka yi ka sani?" Ya ci gaba da shukarsa.

Sai da ganye ya fara zuba gwajinsa ya fito tas ya zauna tas. Femke ta miƙa masa yarinyar. Marrit ta damƙe yatsan nan nasa na dangwale, ta ƙi saki. Murar ta sake kama shi.

Da Marrit ta fara tafiya aka kawo ta lambu. Manya na shan kofi, ita kuwa ta tsuguna a gefen ledar, ta dangwalo ƙasa, ta nufi baki da ita, har da lumshe ido.

Ba a taɓa ganin Wopke ya yi gudu irin na ranar ba. Kujera gefe, kofi gefe.

"Tofar! Tofar, 'yar nan! Wa ya koya miki wannan ƙazantar?"

Hiske ta kurɓi kofinta a hankali. "Durk ne mana," in ji ta.