Ranar da Aka Sallami Mai Kula da Na'ura

Sabuwar sakatariya na hango shi ta gilashin ɗakin na'urori. Dattijo ne mai furfura, tabaransa ɗaure da zare, yana zuba kayan teburinsa cikin kwali. An ce shekara goma sha biyu shi ke tayar da manhajar da ma'aikata ke shiga kwamfutar ofis da ita daga gida, duk sanda ta tsaya. Bara ya haɗa mata mai gadi, wata manhajar da ke tayar da ita nan take. Yau an sallame shi. Wataƙila iyalinsa ma ba su sani ba tukuna.

Ya kashe manhajar ma'aikatan da gangan, yana kallon allo. Kafin ya ɗauke hannu ta dawo.

Sakatariya ta leƙo. "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Tana aiki."

Ya rungumi kwalinsa, ya tambaye ta wa zai ba makulli.