Jan Biron da Na Sa wa Inna Dudu

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, a shekarata ta biyu da kama aikin jinya a Bauchi. Lokacin muna gwajin lafiyar maniyyata. Aikina shi ne in ƙirga bugun zuciya, wanda nasa ya yi yawa in ja masa jan biro. Mai jan biro kuwa sai ya ga likita kafin sunansa ya shiga jerin masu tafiya, jerin da za a rufe da la'asar.

Da hantsi shugabarmu, Sista Ladi, ta ɗauki takarduna, ta ɓata rai.

"Malam Sabo, maza duk lafiya, mata kuma ja, ja, ja? A zaune kake gwada su?"

Maza dai kan benci suke zama su miƙo hannu. Mata kuwa, da sun shigo sai su durƙusa su gaishe ni, su miƙe, kunya ta hana su zama kusa da namiji. Ni kuma, sarkin gaggawa, nan take sai in kama ƙirga.

"Kai, Sabo!" in ji ta. "In mutum ya miƙe, jini ƙafa yake sauka, zuciya ta ƙara gudu. Ta mace kuma sau da yawa ta fi ta namiji saurin tashi. Gaisuwarsu ka yi ta aunawa!"

Muka sake gwada matan a zaune, kusan duk suka fita lafiya lau. Saura ɗaya, Inna Dudu, wata dattijuwar Bafulatana daga Miri. Ashe da ta ga jan biro ba ta jira likita ba, ta ɗauka an kore ta, ta koma gida.

Wallahi ban san yadda na hau babur ba. Ina tafe ina duban rana. Tsoro nake ji ƙwarai, kada in zama sanadin hana tsohuwa ganin Ka'aba.

Na same ta a tsakar gida, ta kwance ƙullin kayanta tana mayarwa cikin ƙwarya. Tana ganina ta fara durƙusawa.

"Inna, don Allah ki zauna! Kada ki gaishe ni."

"Ɗan nan, ai Allah bai kira ni ba bana."

"Ba ke ba ce, Inna. Kuskurena ne."

Ta zauna a tabarma, na jira minti biyar, na ƙirga. Lafiya lau.

Ana kiran la'asar muka shiga asibiti, likita ya sa hannu.

Ku da kuke sababbi a aikin jinya, ku lura da abin da mutum ya yi kafin ya miƙo muku hannu. Ni dai tun daga ranar, duk macen da ta shigo, ni nake riga ta: "Zauna tukuna, Hajiya. Ni zan gaishe ki."