Saura Gaba Biyu, Malam Namadi

Ranar Talata, 12 ga Afrilu 1983, ina bakin rijiyar da muke haƙa a wani ƙauye kusa da Gummi, aka aiko daga Bukkuyum cewa Allah Ya karɓi ranka, Malam Namadi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Shekara tara ina mataimakinka a aikin rijiyoyi. Ban taɓa ganin ka kafa diga ba sai ka zauna da matan da za su ɗebi ruwan, ka kuma bi Gidaɗo makiyayi ya nuna maka inda ƙasa ke riƙe laima. Ni kuwa, mai garaje, gani nake ɓata lokaci ne.

Ban manta rijiyar farko da ka bar mini a ƙasar Anka ba. Na haƙa ta da kaka, na sami ruwa a zurfin gaba shida, na jera zoben siminti, har aka yanka mini rago. Kafin rani ya raba ta ƙafe ƙaf, mata suka koma tonon rairayin gulbi suna ambaton sunana. Ba ka kunyata ni ba. Da furfurarka ka ɗaura igiya ka sauka, muka ƙara gaba biyar. Da ka fito ka ce, "Ruwan kaka baƙo na, Yahaya. Wanda ka ishe da bazara shi aɗ ɗan gida."

To ga shi ka tafi ka bar ni da wannan rijiya ta wajen Gummi. Ruwa ya fara tsattsafowa, mutanen gari sun matsa a rufe aiki, ma'aikata hankalinsu ya koma gona, hadari kuma kullum sai ya leƙo daga gabas. Maganarka ta ƙarshe gare ni ita ce saura gaba biyu. Wallahi ina tsoro. In ruwan sama ya riga mu, ramin zai rufta. In na rufe yanzu, baɗi su sha wahalar da Anka ta sha. Na faɗa wa mai gari ba zan rufe ba. Gobe ni zan ɗaura igiyarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Rakiya da 'yarku Husaina, Allah Ya ba su dangana. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka. Yadda ka shayar da garuruwan da ba naka ba, Allah Ya shayar da kai ruwan da ba ya ƙafewa. Amin.