Mai Jan Biro, Wadda Ba Ta Amsa Tambaya da Baki

Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ƙaninki ya kira ofis ya ce rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na yi kuka a gaban abokan aiki, Yaya, kuma ban ji kunya ba.

Shekara tara kina rubuta littafin ƙa'idar da na'urorinmu ke bi su gano juna: yadda firinta za ta sanar da sunanta da aikinta, yadda kwamfuta za ta yi cigiya, da tsawon lokacin jiran amsa. Mu masu jan waya a rufin ɗaki gani muke aikin zaman kujera ne. Mai Jan Biro muke ce miki a bayan ido, don ko waƙafi ba ya tsere miki.

Ba kya amsa tambaya da baki. Na taɓa shigowa ina gumi na ce, "Yaya, in na'ura biyu suka zo da suna ɗaya, wacce za ta sauya?" Kika ce, "Shafi na nawa ka duba?" Na ce babu shi a littafin. Kika ce, "To, laifina ne. Dawo bayan azahar." Na dawo na tarar da sabon bayani har da misali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da farko na ɗauka rowar ilimi ce, har na kai ƙararki wurin matata. Allah Ya yafe mini.

Kwana huɗu da rasuwarki aka kira mu wani asibiti. Na'urar gwajin jini ta daina ganin firinta, marasa lafiya sun cika benci suna jiran sakamako. Na ciro waya, har na nemo lambarki kafin na tuna. Sai na buɗe littafin. A shafi na talatin da ɗaya ga matsalar, ga maganinta, dalla-dalla yadda ko sabon shiga zai gane. Ba a yi minti ashirin ba takardu suka fara fitowa, wata dattijuwa ta karɓi tata tana sa mini albarka. Albarkarki ce, na karɓa a madadinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa wannan aiki ya zame miki sadaka mai gudana. Maigidanki da 'ya'yanki uku, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Ke kuma Inna, mahaifiyarta, Allah Ya sanyaya zuciyarki: 'yarki ta tafi, amma ba ta bar mu muna lalube ba.