Ranar da na hura bakin libarba

Mahaifina shi ne sarkin bakan ƙauyenmu, can gabas da Damagaram. Tun ban kai tsawon adakarsa ba ya koya mini abu ɗaya: in ka harba, ka juyo bakin bindiga ka hura ciki sosai kafin ka sake ɗura albarushi, don kada wani ɗan garwashi ya rage ya tashi da hannunka. In na manta, rankwashi nake sha. Da wannan na girma, da shi na zo Madina, inda na shekara goma sha ɗaya ina gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Jurf ban taɓa ƙarfen da ya wuce sifana ba.

Ƙanin matata ne ya kai ni nadi, wato kulob ɗin harbi, da aka buɗe a bayan gari. Haifaffen unguwar Sih ne a nan Madina, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, ga shi da son a kalle shi. Ya ce tunda kullum ina cika musu baki da farautar gidanmu, in zo in nuna. Aka karɓi igamata, katin zamana a ƙasar, aka ba ni tabarau da abin toshe kunne. Shi ya ɗauki bindiga ta zamani mai cin harsashi goma sha bakwai, ya zaɓar mini tsohuwar libarba mai shida.

"Hadi tunasibak, Yaya," in ji shi, wai ita ta dace da ni.

Alƙalin fili ya yi mini bayani, kuma na ji shi: bakin bindiga kullum gaba, ba ya kallon mutum, ko kai kanka. Na harba shida, huɗu suka shiga kwalin da ake aunawa. Daɗi ya kama ni. Kafin in ankara hannuna ya yi abin da ya saba, na juyo bakinta na kai leɓe na hura.

Ihun da alƙalin ya yi har yau yana kunnena. Ya karɓe bindigar, ya nuna mini ƙofa, ya ce wata uku kada ya ga ƙafata. Wannan ban ƙi ba, gaskiyarsa ce. Abin da ban sani ba shi ne surukin nawa yana bayana da waya. Kafin la'asar bidiyon yana dandalin dangi na waya, ya sa masa kiɗa, ya rubuta a ƙasa: ɗan sarkin baka yana shan miya.

Cikin kwana biyu ya isa ƙauye. Ƙanwata ta kira ta ce Baba ya daina fita majalisa, domin samari na ganinsa sai su dunƙule hannu su hura. Tsoho mai shekara tamanin, wanda ya ciyar da rabin garin da naman daji. Da na tare surukin nawa sai ya ce, "Mazha bas, wallah," wai wasa ne kawai. Ban zage shi ba, saboda yayarsa tana tsaye. Amma a raina na rantse sai na zubar da shi a filin nan, a gaban mutanen da suka yi dariya.

Bindiga ba ta barin nadi, don haka wata ukun nan da robar feshi na yi su, wadda nake wanke mukayyif da ita. Kunamar libarba tana da tauri, in ka fizge ta bakin ya kauce. Sai in ɗora riyal na ƙarfe a kan robar, in miƙe hannu, in ja a hankali har ta fesa ba tare da ya faɗo ba. Na jiƙe bangon ɗaki, na jiƙe labule. Matata ta ce, "Maigida, ƙanina ne fa." Na ce na sani, shi ya sa ruwa nake fesawa.

Da na koma, alƙalin ya ɗauke ni tun daga farko. Ya koya mini ɗuri da zoben ƙarfe mai riƙe harsashi shida, a zubar da kwanso a jefa sabo a tashi ɗaya. Ya ce mai libarba ba shi da harsashin ɓarna, sai ya zaga filin tukuna ya san inda shidansa za su ƙare. Hurawar ce ta fi ba ni wuya. Duk sanda na gama sai hannu ya fara tasowa, dole na koyi cije leɓe har ya fashe.

Gasar nadi ta zo wata Asabar da safe. Kwalaye ne a bayan shingaye, da farantai na ƙarfe, ana gudu daga wannan zuwa wancan, a raba maki da lokaci, kuskure kuma a zaftare maka. Surukina ya riga ni shiga. Ya yi ta ɓarin wuta yana gudu kamar an biyo shi, ya gama da wuri, ya juyo yana murmushi. Da aka je dubawa, kwali biyu ko ƙwarzane babu, faranti ɗaya na tsaye abinsa. Wallahi na ji sanyi har ƙafata.

Ni kuwa tafiyata na yi, shida, ɗuri, shida, ɗuri. Ban yi sauri ba, ban bar komai tsaye ba. Na buɗe libarbar na nuna wa alƙali babu komai ciki, na mayar kube, leɓena na jini.

Ban ci gasar ba, ko kusa. Amma a takardar sakamako sunana yana sama da nasa da layi uku. Na roƙi kwafi, na manna a ƙofar firij ɗinmu, daidai inda yake ɗaukar ruwa duk Juma'a in ya zo cin abinci. Bidiyon da wani ɗan Sudan ya ɗaukar mini na sa shi a dandalin dangi, babu kiɗa, babu rubutu. Surukin nawa ya rubuto "Mabruk", wai barka, na bar shi a nan ban amsa ba.

Ƙanwata ta ce Baba ya sa babbar riga ya fita majalisa da wayarta, ya bi samarin nan ɗaya bayan ɗaya sai da kowa ya kalla har ƙarshe. Bayan kwana biyu saƙon muryarsa ya iso, ya sassauta murya kamar kada wani ya ji.

"Na gani, harbi ya yi. Amma sau uku ina kallo kana ɗura ta ba ka hura ba. Ka riƙa hurawa in ba sa kallonka, hannun nan da shi kake ci."