Babbar Rigar da Na Kai wa Kocinmu

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, har mu na Wudil mun ji ɗuminsu. Manyan motocin siminti ba sa yankewa a kan gada, kowane zaure da rediyonsa, malaman makaranta kuwa duk mun hau babur. Ina koyarwa a firamare a lokacin, kuma don rubutuna yana karantuwa aka naɗa ni sakataren ƙungiyar ƙwallon garinmu. Ban nemi muƙamin ba, ban kuma ƙi ba, don ni haka Allah ya yi ni, ba na iya cewa a'a a gaban mutane.

Kocinmu surukina ne, mahaifin matata. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, a Kano ya koyi ƙwallo, da ya yi ritaya ya dawo gida ya tara samari a filin bayan makaranta. Ni kaina na buga masa ƙwallo a matsayin mai tsaron baya shekara uku. Babu irin faɗan da bai yi mini ba a lokacin, don ya ce ni ba na tare mutum kuma ba na ba shi hanya, sai in tsaya a gabansa ina rawar ƙafa har ya wuce ni. Da na auri 'yarsa duk wannan ya ƙare. Muka koma gaisuwa kawai, in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, idona a ƙasa. Ko a fili, idan yana gabas ni ina yamma da littafina.

Wasanmu da samarin Darki ne ya jawo komai. Shugaban ƙungiya, wani alhaji ɗan kwangila, ya sayo wa yara jesi da takalman ƙwallo sababbi fil daga Kano. Yaran da suka saba bugawa ba takalmi suka rinƙa takawa kamar ƙaya ta soke su. Samarin Darki suka zo a kan kekuna, ƙafarsu a ƙasa, suka ci mu biyu da nema suka koma gida kafin magariba. Abin ya ci wa alhaji rai ƙwarai, don ya gayyato abokansa su zo su ga jesin.

Bayan kwana biyu kwamiti ya zauna a zaurensa da la'asar. Ya ce zamani ya canja, ƙwallo yanzu ilimi ce, ya samo wani matashi a Kano mai takardar shaidar horarwa, saboda haka tsoho ya huta. Wasu suka ce takalman ne suka kayar da mu, ba koci ba. Aka ja magana ta ƙi ƙarewa, sai aka ce mai son a sallami tsoho ya ɗaga hannu. Mu bakwai ne. Uku suka ɗaga, uku suka naɗe hannuwansu, ni kuwa a daidai lokacin hulata ta zame na kai hannu in gyara ta. Alhaji ya duba ya ce huɗu. Har yau ban san ko hular ce ta zame da gaske ko ni ne na so ta zame ba. Abin da na sani shi ne na ji an ce huɗu ban ce uffan ba, na rubuta haka a littafi.

Sai kuma aka zo kan wanda zai gaya masa. Na ce a rubuta takarda, aka yi mini caa, wai ba a aika wa dattijo takarda kamar wani lebura. Aka shirya a ɗinka masa babbar riga mai aiki, a haɗa da hula da goro, a kai masa a matsayin sallama ta mutunci. Da aka tambayi wa zai kai, duk idanu suka juyo kaina. Alhaji ya ce ai ni ɗan gida ne, magana za ta fi daɗin ji daga bakina. Duk cikinsu babu wanda bai san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa ba, amma kowa ransa yake ceta. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ranar ɗaurin aure, ni aka ɗora wa in ce masa an sallame shi.

Na je ranar Alhamis da hantsi. Na kashe babur tun daga bakin lungu na tura shi, na tuɓe takalmi, na durƙusa a ƙofar zaure. Muka gaisa, ya tambayi gida da makaranta da damina, na tambayi jiki da mutanen gida, muka sake zagayowa. Da gaisuwa ta ƙare na tura ƙunshin gabansa, na ce kwamiti ne suka ce a kawo, suna godiya da wahalar da aka sha shekara da shekaru, Allah ya saka da alheri. Ya buɗe, ya daɗe yana shafa aikin rigar, sannan ya sa mana albarka. Na tashi ina ganin ai na faɗa. A hanya na rinƙa maimaita maganata a raina ina neman inda sallamar take, wani lokaci in gan ta, wani lokaci in rasa ta.

Washegari ya sa rigar ya tafi masallacin Juma'a, kuma ranar kasuwa ce, gari cike yake har da mutanen Utai da Ɗankaza. Kowa ya gan shi, kowa ya taya shi murna. Ranar Asabar da la'asar sai ga shi a fili a kan kekensa, da usur ɗinsa rataye a wuya kamar kullum. Bai daɗe da zuwa ba motar alhaji ta tsaya, sabon koci ya fito cikin kayan wasa masu ratsi, da ɗan allo a hammata, shi ma da nasa usur ɗin. Alhaji ya harare ni daga nesa. Maimakon ya gyara, sai ya gabatar da matashin ya ce baƙo ne ya zo ya ga yara, ya shiga mota ya tafi abinsa.

Mako biyu muka yi da koci biyu. Tsoho ya busa ya ce a gangara bakin kogi a yi gudu a cikin yashi, matashi ya busa ya ce a zo a zauna a ga zane a allo. Yara su tsaya a tsakiya suna kallon juna. Daga baya suka raba kansu, masu tsoron tsoho su tafi yashi, masu son hutu su zauna gaban allo. Su biyun kuma ba su taɓa yin sa'insa ba. Matashin yana durƙusa masa ya ce Baba, shi kuma ya tambaye shi mutanen Kano.

A rumfar mai gyaran keke da ke kusa da tasha magoya baya suke taruwa, kuma nan gardamar ta koma. Telan da ya ɗinka rigar ya rantse ta sallama ce, ya ce shi da ya yanka yadin ai ya fi kowa sanin abin da aka nufa da ita. Wani mahauci, wanda ba a taɓa wasa ba ya nan ba, ya ce tun da yake bai taɓa ganin an kori mutum da riga da hula ba, riga da hula naɗi ne, an ɗaga tsoho ya zama uban ƙungiya, yaron Kano kuwa mataimakinsa ne. Mai gyaran keke ya ce shi bai damu da riga ba, abin da yake so ya sani shi ne wa zai fitar da sunayen 'yan wasa. Daga nan sai a bar maganar ko an kore shi, a koma ko ya kamata a kore shi. Tela ya ce tsoho bai san komai ba sai gudu, mahauci ya ce da gudun nan muka ci duk garuruwan da ke kewaye da mu kafin a kawo mana takalmi. Abin mamaki, rannan na iske sun musanya, tela yana kare tsoho, mahauci yana yabon allo, kuma babu wanda ya lura.

Idan na tsaya da babur sai su yo kaina, tunda ni ne mai littafi. In ce wa tela yana da gaskiya, in ce wa mahauci shi ma bai yi ƙarya ba. Suka fara ce mini sakataren koci biyu. A gida kuma matata ta ji ƙishin-ƙishin wajen mata, ta tambaye ni ko gaskiya ne za a wulaƙanta babanta a gaban jama'a. Na ce mata babu wanda zai wulaƙanta shi. Ta dube ni ta ci gaba da tankaɗen garinta, ba ta sake tambaya ba.

Ana haka aka sa mana wasa da ƙungiyar wani kamfani daga Kano ranar Lahadi. Alhaji ya kira ni ranar Asabar, ya ce ya gaji. Ya ɗauko hayar lasifika, kuma idan tsoho ya zo ya zauna a bencin koci gobe, zai sa a sanar da sunan sabon koci kowa ya ji. Nan tsoro ya kama ni sosai. Na hango dattijon nan zaune a benci, gari duka yana kallo, ana kiran wani a matsayinsa, kuma ni ne sanadi.

Ranar Lahadi da safe na koma gidan surukina. Na same shi a zaure yana ɗinke wata tsohuwar ƙwallon fata da basilla. Muka yi gaisuwar nan tamu mai tsawo, har ta ƙare. Na buɗe baki na ce game da wasan yau ne, ban ƙarasa ba. Ya ci gaba da ɗinkinsa har ya ƙulle zaren, sannan ya ajiye ƙwallon.

Ya ce, "Malam, tun ranar da ka ajiye ƙunshin nan na gane. Mutumin da ke gudu a fili da yara me zai yi da babbar riga? Ai rigar zama ce."

Na ce, "Baba, to ai ka ci gaba da zuwa."

Ya ce, "Jira nake mutum ɗaya ya faɗa mini da bakinsa. Duk yaron da na cire daga wasa, a gabansa nake tsayawa in gaya masa. Kai ma na gaya maka sau nawa. Ban taɓa aika wa kowa goro ba."

Idona na kan tabarma. Can ya tambaye ni ko gaskiya ne hannu aka ɗaga, na ce gaskiya ne. Ya ce an gaya masa huɗu ne da uku, yana so ya san inda nawa hannun yake. Da na ce na ɗaga, da na faɗi abu guda tsayayye, da na ce ban ɗaga ba, da na yi ƙarya guda tsayayya. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, hulata nake gyarawa."

Na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda yake yi a bakin fili. Na ɗaga kai ba da niyya ba, muka haɗa ido a karon farko tun da na auri 'yarsa. Babu fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Har yanzu kana nan yadda na san ka. Ba ka tare mutum, ba ka ba shi hanya."

Ya ciro usur ɗin daga wuyansa ya ajiye a gabana, ya ce in kai wa kwamiti, in gaida gida.

Bai zo fili ba ranar. Aka tashi wasa ɗaya da ɗaya, wanda bai raba gardamar kowa ba. A rumfa tela ya ce ai ga shi nan an kore shi, mahauci ya ce shi ya ajiye da kansa don ya fi ƙarfin a haɗa shi da yaro, suka ci gaba a haka har rumfar ta tashi. Surukina kuwa bai sake taka filin ba har Allah ya karɓi abinsa, bai kuma sake yi mini maganar ƙwallo ba. Muka koma gaisuwarmu, ni a durƙushe, shi yana tambayar gida da makaranta.

Usur ɗin na sa shi a aljihu na tafi da shi fili ranar, da niyyar in miƙa wa alhaji. Na same shi cikin baƙi, na ce sai an tashi. Da aka tashi na ga sabon koci yana da nasa, na ce sai zaman kwamiti. Aka yi zaman, aka yi wani, ban fito da shi ba. Yana nan a akwatina, ƙarƙashin takardun aiki, igiyarsa ta yi baƙi da zufar wuyansa. Ni da aka aika sau biyu, ko sau ɗaya ban isar da saƙo ba, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba har na tsufa.